Tambayoyi Uku da Na Yi wa Matata

Shekarun baya, ban fi shekara biyu da ajiye kaki ba, na dawo gida Zuru na kama noma a gonarmu ta wajen Manga. Da igiya uku na bar aikin soja. Karatuna bai wuce firamare ba, sai abin da aka koya mini a bariki. Amma abin da aka koya mini na riƙe shi da kyau, wataƙila fiye da yadda ya kamata.

Cikin abubuwan da aka koya mana akwai taimakon gaggawa. Malamin da ya koyar da mu ya ce idan kurtu ya zo da safe ya ce ba shi da lafiya, a yi masa tambaya uku. Ta farko, wurin yana ciwo? Ta biyu, akwai zazzaɓi? Ta uku, yana cin abinci? Ya ce jikin mutum yana da nasa sojojin, kuma idan cuta ta shiga dole a ji alamar faɗa: zafi, kumburi, kaluluwa, zazzaɓi. Da waɗannan tambayoyi na kama masu ƙaryar ciwo don gudun fareti, ba su ƙirguwa. Malamin bai taɓa cewa su ne ƙarshen ilimin likita ba. Ni ne na mayar da su haka.

Wata safiya a farkon damina, mun gama noman fari ke nan, ina zaune ina gyara ƙotar fartanya, matata ta leƙo daga ɗaki.

"Baban yara, zo ka ji wani abu."

Na shiga. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen mamanta na hagu. Akwai wani ƙullutu a ciki, bai fi ƙwayar gurjiya ba, mai tauri, ba ya motsi.

Na miƙe tsaye, na mayar da hannuwa baya. Na ce, "Yana ciwo?"

"A'a."

"Kina jin zazzaɓi?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Saje, ni fa ba kurtu ba ce."

"Ki amsa dai."

"Ba na ji."

"Abinci fa?"

"Jiya a gabanka na cinye tuwona, na ƙarasa naka."

Na ce, "To ba komai. Da wani abu ne, da jikinki ya faɗa. Idan yana nan har bayan girbi, sai mu je a duba."

Ta ce to. Ta gyara zaninta ta fita ta ci gaba da dama kunu. Abin bai ɗauke mu minti biyar ba.

Ya kamata in faɗi abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. A wajenmu, kafin a ba saurayi mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa iyayen yarinya noma shekara da shekaru. Damina bakwai na yi ina kai fartanya gonar mahaifinta, ko ina bakin aiki sai na nemi hutu na zo, ko na tura 'yan'uwana. Saboda haka na san gidansu ciki da waje. Mutane ne masu ƙarfi. Mahaifiyarta a lokacin tana zuwa gona da ƙafarta. Kuma mu duka an tashe mu ne a kan cewa ba a kai ƙarar abin da ba ya ciwo, ko mai ciwon ma sai ya kayar da kai. A ganina macen da take ɗaukar damin dawa daga gona zuwa bakin hanya ba ƙwayar gurjiya ce za ta dame ta ba.

Sau biyu ta sake yi mini maganar a cikin daminar. Lokacin maimai ta ce kamar ya ƙara girma. Da masara ta nuna ta ce fatar wurin ta ɗan lotsa. Duk sau biyun na maimaita tambayoyina a jere, ta amsa a jere, na sallame ta.

Wadda ta karya wannan tsari wata tsohuwar nas ce da suke zumuntar mata tare a coci. Wata ranar Alhamis bayan sun tashi, matata ta ja ta gefe ta nuna mata. Ban san me suka faɗa ba. Na dai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gidana su biyu a kai. Na kawo wa nas ɗin kujera, ta ƙi zama.

"Saje, tun yaushe ka san da wannan?"

"Tun farkon damina."

"Wa ya duba ta?"

"Ni."

"Kai? A wace makaranta?"

Na fara yi mata bayanin tambayoyin. Ban kai ta biyu ba ta ɗaga hannu.

"Gobe da safe ku je asibiti."

Na ce, "Mama, dawa na tsaye a gona. Nan da mako uku..."

"Dawa ta yi ta tsayuwa. Gobe na ce."

A rayuwata manyan hafsoshi sun yi mini tsawa, amma ban taɓa jin wadda ta shige ni kamar ta wannan tsohuwa ba, kuma ko murya ba ta ɗaga ba. Da gari ya waye muka tafi.

A asibitin garinmu suka duba, suka rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Muka hau bas. A can suka ɗauki hoto, suka sa allura mai kauri suka ciri ɗan nama daga ƙullutun, suka ce mu dawo bayan mako uku. Babu wanda ya ambaci sunan cutar, amma a bencin da muka zauna na ji mata suna ta faɗin sankara, ciwon daji, garkuwar jiki.

Wannan kalma ta garkuwar jiki ita na ɗauko na dawo da ita gida. Na ce a raina, idan akwai abokin gaba a ciki, to sojojinta ne suka yi rauni, kuma na san yadda ake gyara soja mai rauni. Na samu kwali na rubuta jadawali na manna a ƙofar ɗaki. Ƙarfe biyar da rabi, tashi. Ƙarfe shida, tafiya zuwa gindin dutse da dawowa. Ƙarfe bakwai, kunu da dafaffen ƙwai biyu. Da rana, kwaɗon zogale. Ranar kasuwa, hanta. Na kuma sayo wata kwalba wurin masu tallar magani da lasifika, wadda suka ce tana ƙara garkuwar jiki, cokali ɗaya safe da yamma.

Ta bi komai. Idan na buga ƙofa da safe sai ta fito ta ƙame ta sara mini. "An shirya, ranka ya daɗe. Yau ma har gindin dutsen, ko za a yi wa tsohuwa rangwame?"

"Babu rangwame."

"Allah ya isar wa kuratan da suka bi ta hannunka."

A mako ukun nan ta yi ƙiba, fuskarta ta yi kyau. Da muka koma Sakkwato ina tafe ina jin kamar zan kai rahoton nasara.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ta gaishe mu, ta jira muka zauna, sannan ta dubi matata, ba ni ba. Ta ce sankarar mama ce, kuma ta kai ga kaluluwar da ke hammata. Ta ce za a fara da ƙarin ruwa na magani mai ƙarfi na wasu watanni, daga baya a yi tiyata a cire maman duka.

Ni ne na yi magana.

"Likita, ki dube ta. Wannan ta yi kama da marar lafiya? Mako uku kawai na yi ina gina ta da ƙwai da hanta da kwalbar maganin ƙara garkuwar jiki. Ki ba ni wata uku, jikinta da kansa zai kashe abin nan. Ba sai an yanka ta ba."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, na ga an rubuta tsohon soja ne ku."

"Saje."

"To bari in yi muku bayani. Idan na yi sauri ku tsayar da ni."

Na fito da ɗan littafina daga aljihu. Abin da zan rubuta nan shi ne yadda na fahimta a ranar, idan akwai kuskure nawa ne, ba nata ba.

Ta ce an gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarni a cikinta: yaushe za ta rabu biyu ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu ta ba wata wuri. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu sai an kwafi umarnin nan, kuma wani lokaci akan yi kuskure wajen kwafi. Yawancin kuskuren ba ya yin komai. Amma idan ya faɗa daidai wurin da ke ba da izinin hayayyafa, sai ƙwayar ta zama kamar babur da totur ɗinsa ya maƙale. Ta yi ta rabuwa, 'ya'yanta su gaji kuskuren, su ma su yi ta rabuwa.

Na ce, "Dakata. Wato ba daga waje ya shigo ba?"

"Ba daga waje ba. Naman jikinta ne."

"To sojojin jikin suna ina? Barci suke?"

"Ba barci suke ba. Suna sintiri dare da rana. Irin waɗannan ƙwayoyi da suka lalace suna kama da yawa su kashe, mutum bai ma sani ba. Wadda kuka ga ta rayu har ta zama ƙullutu, ita ce wadda ta iya wucewa ta gabansu. Kuma abin da ya sa cutar take da wuya, sau da yawa kuskuren da ya sa ta hayayyafa shi ne kuma yake taimaka mata ta ɓuya."

Na ce ta faɗa mini ɗaya bayan ɗaya. Ta yi murmushi, ta ce to.

Na farko, kowace ƙwaya tana nuna wa masu sintiri ɗan samfurin abin da take ƙerawa a cikinta, kamar yadda mai shiga bariki yake nuna katinsa a ƙofa. Da haka suke gane wadda ta lalace. Ƙwayar sankara takan rage nuna wannan, ko ta daina, sai ya zama babu abin da za a duba.

Na biyu, akwai wata alama da lafiyayyun ƙwayoyi suke ɗagawa, mai nufin "sauke bindiga, ɗan gida ne". Dole ne a samu wannan alama, in ba haka ba sojojin jiki za su afka wa jikin da suke tsaro. Kuskuren nan yakan sa ƙwayar sankara ta ɗaga alamar da yawa. Soja ya zo har gabanta, ya gani, ya sauke makami.

Na uku, takan aika saƙo ta kira wasu ƙwayoyin jiki waɗanda aikinsu kwantar da faɗa ne da gyaran rauni. Sai su kewaye ta, su hana mayaƙa matsowa, har a jawo mata jijiyoyin jini tana samun abinci.

Ban gama rubuta na ukun ba na tsaya. Wani abu ya dawo mini wanda na yi shekaru ban tuna ba. Ina kofur, ana wani atisaye, aka ba ni gadin ƙofa. Da rana tsaka wani hafsa ya zo cikin kaki irin namu, ya faɗi kalmar sirri ta ranar daidai. Na sara masa, na buɗe. Na ga jakarsa da nauyi, har na sa soja ɗaya ya ɗaukar masa ya raka shi. Ashe daga ɓangaren da ke wasan abokan gaba yake. Ya je ya zana alli a ƙofar ma'ajiyar makamai, alamar ya tashe ta, ya fito ta gabana na sake sara masa. Kwana uku ina tsallen kwaɗo.

Ban san lokacin da na ba su labarin ba. Matata, wadda tun da aka ambaci cutar ba ta buɗe baki ba, ta juyo.

"Shekara talatin muna tare, ba ka taɓa gaya mini wannan ba."

"Ba abin faɗa ba ne."

"Har da ɗaukar masa jaka, Saje?"

Likita ta rufe baki da hannu. Da ta natsu ta ce, "Baba, a ranar nan, da an ƙara muku soja hamsin a ƙofar, ƙosassu, sun ci ƙwai sun ci hanta, me za su yi?"

Na rufe ɗan littafina. Sannan na ce, "Su ma sara masa za su yi."

Ta ce, "To kun gani. Abincin da kuke ba ta yana da kyau, ku ci gaba, za ta buƙaci ƙarfi. Kwalbar nan dai ku zubar. Amma ba rauni ne matsalar sojojinta ba. Ba su san akwai abin yaƙa ba ne."

Na tambaye ta ko ba a iya fahimtar da su. Ta ce akwai sababbin magunguna da suke toshe alamar nan ta "sauke bindiga" don sojojin su ci gaba da aikinsu, amma ba kowace irin sankara suke yi wa aiki ba, kuma gwajin da aka yi ya nuna ba su ne suka dace da ta matata ba. Nata, a kashe na kashewa da magani, a cire na cirewa.

Ta ciro takardar amincewa. Na gyara zama na zaro birona, don a saninmu mai gida ne yake sa hannu. Likita ta tura takardar gaban matata.

"Mama, jikinku ne. Kuna da tambaya?"

"Ɗaya ce. Zan koma gona?"

"Ina sa rai. Amma ba zan yi muku alkawarin kamar da ba."

Matata ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba. "Ara mini biron."

Na ba ta. Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, yadda aka koya musu a ajin yaƙi da jahilci.

Da nas ta tafi da ita awo, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Likita, tun farkon damina ta nuna mini. Ni na ce ba komai, don ba ya ciwo. Da mun zo a lokacin, da bai kai hammata ba?"

Ta ce, "Ba zan iya rantsuwa ba, Baba. Wani yakan kai tun yana ƙarami. Amma watannin nan ba su taimake ta ba. Kuma irin wannan ƙullutu, da farko yawanci ba ya ciwo."

Na gode mata da ba ta lallashe ni ba.

Abin da ya biyo baya ba zan ja shi ba. Mun yi ta zirga-zirga tsakanin Zuru da Sakkwato. Gashinta ya zube, faratanta suka yi baƙi, akwai ranakun da ko ƙamshin kunu ba ta iya jurewa. Dawar da na so in jira, mazan cocinmu da maƙwabtanmu Musulmi ne suka yi gayya suka girbe ta, ko zangarniya ɗaya ban yanka ba. Aka yi tiyata, aka cire maman da kaluluwar hammata. Bayan nan aka yi ta kiran mu dubawa, da farko kusa-kusa, daga baya shekara-shekara. Har yau ba a sake ganin komai ba. Mun gode wa Ubangiji.

Amma ba a fita haka kawai ba. Saboda kaluluwar da aka cire, ruwa yana taruwa a hannunta na hagu ya kumbura. Ba ta daka, ba ta jan guga, ba ta ɗaukar dami. Tana zuwa gona, amma iyakarta zuba iri da tsinke wake da hannu ɗaya. Idan na ga ta tsaya a bakin kunya tana kallon wasu mata suna aiki, nakan tuna cewa wataƙila, ban ce tabbas ba, da hannun nan yana nan lafiya.

Sai da aka shekara biyu da tiyatar na iya buɗe baki. Muna zaune a tsakar gida da yamma tana tsince shinkafa. Na ce, "Maman yara, ina neman gafara a kan watannin nan."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka zaci ban san hanyar asibiti ba ne? Na sani. Da ka ce ba komai, daɗi na ji. Abin da nake so in ji ke nan, shi ya sa na yi ta dawowa wurinka ba wurin nas ba. Kai ka ɗauki naka, ka bar mini nawa." Ta tura mini tire. "Tsince wannan, idona ya gaji."

Na yi tunanin wannan magana fiye da duk abin da likita ta faɗa. Ni mutum ne mai son ƙa'ida, kuma ban daina ba. Amma na gane cewa kowace ƙa'ida akwai abin da aka yi ta dominsa. Tawa an yi ta ne don kama mai ƙarya, mutumin da yake cewa akwai ciwo alhali babu. Ba a yi ta don cutar da take cewa babu alhali akwai ba. Na ɗauki shirun jikinta a matsayin lafiya, ita kuma ta ɗauki tabbacin da ke muryata a matsayin sani. Mu biyu muka zauna muna ba juna kwanciyar hankali, abin yana girma.

Ku da kuke karanta wannan, musamman 'yan'uwana tsofaffin sojoji da muka saba a ce mana "to" a gida: idan iyalinka ta nuna maka ƙullutu, ba aikinka ba ne ka yanke hukunci. Aikinka ka nemo babur.

Yanzu kowace safiya, kafin ta sauko daga gado, ni nake naɗe mata hannun da bandeji. A asibiti suka koya mini, kuma nas ɗin da ta koya mini ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya riƙe tsarin da wuri kamata ba. Ana farawa daga yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Sai tafin hannu, sai wuyan hannu, sai a hau zuwa gwiwar hannu, har kafaɗa, kowane zagaye ya rufe rabin na ƙasansa. Ba a tsallake, ba a sauri. Yakan ɗauke ni kusan minti ashirin, kuma a cikin minti ashirin ɗin nan ba ni ke ba da umarni ba. Yau da safe ma na kai gwiwar hannu ta ce ya yi tsauri. Na warware na sake daga yatsu.